Jini, Ihu da Riba: Yadda Finafinan Ban Tsoro na Araha Suka Tara 'Yan Ga-ni-kashe-ni

A tsakiyar watan Oktoban 2024, masu lissafin cinikin gidajen sinima a Amurka sun ga abin da ya ɗaure musu kai. Fim ɗin da ya zo na ɗaya a ƙarshen makon bai fito daga wani babban kamfanin Hollywood ba. Terrifier 3 ne, labarin wani ɗan barkwanci mai fuska fari fat da 'yar ƙaramar hula, wanda ba ya furta ko kalma ɗaya, aikinsa kawai daddatsa mutane yana murmushi.

Kimanin dala miliyan 2 aka kashe wajen shirya shi. Duk da haka ya ture Joker: Folie à Deux, wanda aka ce ya lashe kusan dala miliyan 200. A ƙofar wasu gidajen sinima matasa sun yi layi, wasu sun shafe fuskokinsu da farin fenti suna kwaikwayon mugun. A Faransa hukuma ta hana duk wanda bai kai shekara 18 ba kallonsa, hukuncin da ba kasafai ake yanke wa fim a ƙasar ba. Kafin a sauke shi daga allo ya tara wajen dala miliyan 90.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. To, ga shi araha ta ci kasuwa. Irin waɗannan finafinai, da ake yi da kuɗi kaɗan, a cika su da jini da ihu da abin ƙyama don a ja masu kallo, sun fi shekara 60 suna shan zagin masu sharhi da takunkumin hukumomi, amma kullum sai ƙara samun masoya suke yi. Me ke riƙe da su?

Sana'ar da talauci ya haifa

Tushen abin yana cikin shekarun 1950. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya tilasta wa manyan kamfanonin fim rabuwa da gidajen sinimar da suka mallaka. Sannan talabijin ta shigo gidaje, iyaye suka rage fita kallo. Masu ƙananan gidajen sinima suka shiga neman abin da zai cika musu kujeru, musamman sinimomin fili da ake kallo daga cikin mota, waɗanda yawansu ya kai wajen 4,000 a ƙarshen shekarun. Waɗanda suka rage suna fitowa samari ne da 'yan mata, su kuwa abin da zai sa gaba ya faɗi suke nema.

Kamfanin American International Pictures, na James Nicholson da Samuel Arkoff, shi ya fi kowa gane wannan kasuwa. Sau da yawa sai sun zaɓi suna mai razanarwa, sun zana fasta, sun ga masu sinima sun nuna sha'awa, sannan a zauna rubuta labari. Babban daraktansu, Roger Corman, ya ɗauki mafi yawan fim ɗinsa The Little Shop of Horrors na 1960 cikin kwana 2, a wani ɗakin ɗaukar fim da aka gama amfani da shi ba a rushe ba tukuna.

William Castle kuwa gwanin talla ne. A 1958, duk wanda ya sayi tikitin fim ɗinsa Macabre sai a ba shi takardar inshora ta dala 1,000, wai ko da tsoro zai kashe shi a kujera. Shekara guda bayan haka, a fim ɗin The Tingler, ya sa aka maƙala ƙananan injina a ƙarƙashin wasu kujeru, in an zo wurin tashin hankali su girgiza mai zama. Tun daga nan dokar sana'ar ta fito fili: abin da aka gaya wa mutum zai gani ya fi abin da zai gani ɗin muhimmanci.

Lokacin da jini ya fito fili

A 1963 Herschell Gordon Lewis da abokin cinikinsa David Friedman suka tambayi kansu abin da manyan kamfanoni ba za su iya nunawa ba saboda ƙa'idojin tace fim na wancan zamani. Amsar ita ce jini, ja wur, a fim mai kala. Cikin 'yan kwanaki suka haɗa Blood Feast a birnin Miami da kuɗin da bai kai dala 25,000 ba. 'Yan wasan ba su iya wasa ba, labarin ba shi da kan gado, amma an riƙa raba wa masu kallo jakar amai a ƙofa, wannan kaɗai ya isa talla. Fim ɗin ya dawo da ninkin-ba-ninkin abin da aka zuba.

Shekara 5 bayan haka, George Romero da abokansa masu shirya tallace-tallace a Pittsburgh suka harhaɗa dala dubu ɗari da 'yan kai, suka yi Night of the Living Dead, labarin gawawwakin da suka tashi suna cin naman masu rai. Da yake fim ɗin baƙi da fari ne, ruwan cakulan aka yi amfani da shi a matsayin jini. Jarumin, Duane Jones, baƙar fata ne, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A ƙarshen labarin ya tsira daga gawawwakin, sai ga wasu fararen fata 'yan sintiri sun harbe shi. Fim ɗin ya fito a shekarar da aka kashe Martin Luther King, don haka masu kallo da yawa suka ga hoton ƙasarsu a ciki.

A 1974 Tobe Hooper ya fitar da The Texas Chain Saw Massacre, wanda aka ɗauka cikin tsananin zafin jihar Texas da kuɗin da bai kai dala 150,000 ba. An tallata shi a matsayin labarin gaskiya, alhali ƙirƙira ce, sai dai an ɗan tsakuro wasu abubuwa daga ta'asar wani mai kisa na jihar Wisconsin, Ed Gein. Abin mamaki, jinin da ke cikinsa kaɗan ne. Ƙarar injin yankan katako da ihun jarumar su ke sa mutum ya rantse ya ga abin da ba a nuna ba. Ya tara fiye da dala miliyan 30 a Amurka.

Sai Halloween na John Carpenter a 1978. Wajen dala 300,000 aka kashe, fuskar robar da makashin ke sawa kuwa a kanti aka sayo da kuɗin da bai kai dala 2 ba, aka fesa mata farin fenti. Wanda ya zuba jarin ba baƙo ba ne ga masu kallo a ƙasashen Musulmi: Moustapha Akkad ne, haifaffen Siriya, daraktan The Message, fim ɗin tarihin farkon Musulunci, da Lion of the Desert na gwagwarmayar Umar Mukhtar a Libiya. Ribar da Halloween ya kawo ta sa sunan Akkad ya ci gaba da fitowa a jerin finafinan da suka biyo baya, har ya rasu a harin bam ɗin da aka kai otal-otal a birnin Amman a 2005.

Lissafin da ba ya ƙarya

Dalilin da ya sa masu jari ba sa gajiya da wannan fanni a bayyane yake. Fim ɗin soyayya ko na yaƙi yana buƙatar fitaccen jarumi, shi kuwa kuɗinsa kaɗai ya isa ya karya ƙaramin furodusa. A fim ɗin ban tsoro, tsoron shi ne jarumi. Gida ɗaya a daji, 'yan wasa biyar da ba wanda ya san su, da duhun da zai ɓoye duk wani aibu, sun wadatar. Jinin ma ruwan zaƙi ne mai kauri da ake zuba wa kalar abinci.

Tsoro kuma ba ya buƙatar tafinta. Barkwancin Amurka ba lalle ya ba mutumin Japan dariya ba, amma inuwa a bayan ƙofa kowa ya san ma'anarta, don haka fim ɗin yana sayuwa a kowace ƙasa. Idan ya faɗi, asarar kaɗan ce. Idan ya karɓu, ribar ba ta misaltuwa. The Blair Witch Project na 1999, wanda aka ɗauka da kuɗi kaɗan, ya tara kusan dala miliyan 250. Paranormal Activity, wanda Oren Peli ya ɗauka a cikin gidansa da wajen dala 15,000, ya kusa kai miliyan 200.

Wannan ce ta sa fannin ya zama makarantar manyan daraktoci. Francis Ford Coppola, Martin Scorsese da James Cameron duk sun yi aiki a ƙarƙashin Corman kafin duniya ta san su. Sam Raimi, wanda ya yi The Evil Dead a 1981 a wata bukkar katako a jihar Tennessee da kuɗin da ya roƙo daga 'yan'uwa da ƙananan masu jari, shi ne daga baya ya yi Spider-Man. Peter Jackson na New Zealand ya shafe wajen shekara 4 yana ɗaukar Bad Taste a ranakun hutu tare da abokansa, kafin a damƙa masa The Lord of the Rings.

Kaset ya shigo, takunkumi ya biyo

Italiya ce ta kai abin maƙura. A 1980 Ruggero Deodato ya fitar da Cannibal Holocaust, wanda ya ɗauka a dajin Amazon na ƙasar Kolombiya, ya tsara shi tamkar hoton gaskiya da wasu 'yan jarida suka ɗauka kafin a hallaka su. 'Yan kwanaki da fara nuna shi a Milan hukuma ta ƙwace fim ɗin, aka gurfanar da daraktan. Jita-jita ta bazu cewa an kashe 'yan wasan da gaske, sai da aka tabbatar suna raye. Dabbobin da aka yanka a gaban kyamara kuwa, har da wani ƙaton kunkuru, da gaske aka kashe su, kuma shi kansa Deodato ya nuna nadamar hakan daga baya.

A farkon shekarun 1980 na'urar bidiyo ta shiga gidajen Birtaniya, alhali babu dokar da ta tanadi tace kaset. Shagunan haya suka cika da finafinan da ba za a taɓa nunawa a sinima ba, kowanne da hoton bango mai tayar da hankali. Jaridu suka yi ca, Mary Whitehouse, wadda ta yi suna wajen fafutukar tsabtace kafofin watsa labarai, ta ja ragamar yaƙin. Ofishin mai gabatar da ƙara ya fitar da jerin finafinan da za a iya kama mai sayar da su. Jimillar waɗanda suka taɓa shiga jerin 72 ne, 39 daga ciki kotuna suka same su da laifin batsa. A 1984 majalisa ta kafa dokar da ta wajabta tace duk wani kaset.

Sakamakon ya zo a juye. Jerin da aka fitar don a guje wa finafinan, shi matasa suka mayar jerin sayayya. Aka riƙa kwafar kaset daga kaset ana sayarwa a ɓoye, hoton ya dusashe, muryar ta shaƙe, amma hakan ya ƙara masa kwarjini. Finafinai da dama da ba su da wata daraja, waɗanda da an ƙyale su da tuni an manta da su, har yau ana sayar da su da tambarin cewa an taɓa haramta su. The Texas Chain Saw Massacre ma sai a 1999 hukumar tace finafinan Birtaniya ta sake shi.

Su wane ne masoyan?

Ɗan ga-ni-kashe-nin wannan fanni ya bambanta da mai kallo na yau da kullum. Zai kalli fim ɗaya sau goma, ya san sunan wanda ya haɗa jinin bogi, ya san daƙiƙa nawa aka yanke a kwafin Ingila da ba a yanke a na Holan ba. Mujallar Fangoria, wadda ta fara fitowa a 1979, ta mayar da masu kwalliyar rauni irin su Tom Savini taurari. Savini ya yi aikin ɗaukar hoto a yaƙin Biyetnam, kuma ya sha faɗin cewa abin da ya gani a can ya shiga cikin aikinsa.

Abubuwa da dama ke haɗa su. Akwai gwajin jarumta, inda abokai ke zama a ga wanda zai fara kawar da kai. Akwai sha'awar fasaha, domin mai kallo ya san roba ce da fenti, yana so ya gano yadda aka yi. Akwai dariya, domin rashin iya wasa da kan roba da ya fito fili sukan mayar da tsoro nishaɗi, abin da kamfanin Troma na Lloyd Kaufman ya gina kasuwarsa a kai tun 1974. Akwai kuma jin cewa abin nasu ne, ba na manyan kamfanoni ko masu sharhi ba.

Sun gina duniyarsu. Suna da bukukuwa irin na Sitges a Sifaniya, wanda aka fara a 1968, da Fantasia a Kanada da FrightFest a Landan. Suna da taruka inda tsohon ɗan wasan da ya fito na minti goma a fim shekara 40 da suka wuce zai zauna yana sa hannu a hotuna ana biyansa. Kamfanoni irin su Arrow Video da Vinegar Syndrome suna neman tsofaffin finafinan da aka yasar a rumbuna, su gyara su, su sayar da tsada. Terrifier 2 ma da gudummawar masoya ta intanet aka cike kuɗin shirya shi.

Daga Bombay zuwa Accra

Ba Turawa kaɗai suka yi wannan sana'a ba. A Indiya 'yan'uwan nan na gidan Ramsay sun kafa daularsu tun daga Do Gaz Zameen Ke Neeche na 1972 zuwa Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988. Iyali ɗaya ne suka raba aikin, wannan darakta, wannan mai kyamara, wannan mai sauti, suna haɗa dodo da tsohon gida da waƙa da rawa. Manyan Bollywood sun raina su, amma ƙananan garuruwa sun cika musu sinima.

A Ghana, cikin shekarun 1980 da 1990, masu yawo da talabijin da bidiyo da janareto ƙauye-ƙauye sukan sa masu zane su yi musu fasta a kan buhun fulawa. Mai zanen kan ƙara jini da kawuna da macizai da babu su a fim ɗin, don a ja jama'a. Yau waɗannan buhuna ana baje kolinsu a gidajen zane na Turai da Amurka. A Najeriya kuwa, Living in Bondage na 1992, labarin mutumin da ya sadaukar da matarsa don kuɗi, shi ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar bidiyon Nollywood, kuma finafinan tsafi da suka biyo bayansa sun bi lissafi iri ɗaya: kuɗi kaɗan, tsoro mai yawa, fasta mai razanarwa.

Masu suka da masu karewa

Babban zargin da ake yi wa fannin shi ne yadda yake wulaƙanta mata. A 1980 fitattun masu sharhin nan na Chicago, Roger Ebert da Gene Siskel, sun ware shiri guda a talabijin suna Allah wadai da finafinan da ke mayar da azabtar da mace abin nishaɗi, Ebert kuma ya sa I Spit on Your Grave cikin mafi munin abin da ya taɓa kalla. Ana kuma sukar finafinan masu cin naman mutane na Italiya da nuna mutanen daji tamkar dabbobi.

A ɗaya ɓangaren, malamar jami'a Carol Clover, a littafinta na 1992, ta nuna cewa a yawancin finafinan yanka mace ce ke saura a ƙarshe ta tunkari makashin, kuma samarin da ke kallo ita suke goyon baya. Wasu masana na ganin finafinan shekarun 1970 madubi ne na Amurkar da yaƙin Biyetnam da rikicin siyasa suka jijjiga. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ma ya sa Night of the Living Dead da Halloween da The Texas Chain Saw Massacre cikin finafinan da ake adanawa a matsayin kayan tarihin ƙasa.

Masu binciken halayyar ɗan Adam a Jami'ar Aarhus ta Denmark, waɗanda ke nazarin tsoron da mutum ke nema da kansa, sun gano cewa daɗin yana tsakiya ne: in tsoron ya yi kaɗan a gundura, in ya yi yawa daɗin ya gushe. Amma wannan zancen manya ne. Binciken Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin ya nuna cewa abin tsoron da mutum ya kalla yana yaro yakan bar masa rashin barci da fargaba na tsawon lokaci, wasu har girmansu. Ebert kansa ya ba da labarin yadda ya ga ƙananan yara suna kuka a sinima lokacin da aka nuna musu fim ɗin Romero da rana, domin ya fito gab da a fara rarraba finafinai bisa shekaru.

Wa ya ci ribar?

Akwai wani ɓangaren da masoya ba su cika son tattaunawa ba. Sau da yawa waɗanda aka fi ci da guminsu su ne waɗanda suka yi fim ɗin. Romero da abokansa ba su ga mafi yawan kuɗin Night of the Living Dead ba, domin lokacin da kamfanin rarrabawa ya sauya sunan fim ɗin, ya manta bai sa alamar haƙƙin mallaka ba, sai ya zama na kowa da kowa. 'Yan wasan The Texas Chain Saw Massacre sun yi aiki cikin zafi da warin ruɓaɓɓen nama, jarumar ta ji raunuka na gaske, amma abin da ya shigo hannunsu bai taka kara ya karya ba. A 2024 jaruman The Blair Witch Project uku sun fito fili suna neman a biya su haƙƙin da ya dace da ribar da aka samu da fuskokinsu.

Yanzu da sinima ta koma aljihu

Corman ya rasu a 2024 yana da shekara 98, bayan da Hollywood ɗin da ta raina shi ta ba shi lambar girmamawa ta Oscar a 2009. Sana'ar da ya bari ta fi da sauƙi. Waya mai kyamara da kwamfuta sun isa a haɗa fim, intanet ta isa a tallata shi, kuma akwai dandalin kallo irin su Shudder da ba sa nuna komai sai ban tsoro.

Abin da ya sauya shi ne mai tsaron ƙofa. Da can akwai mai sayar da tikiti da zai kori yaro, akwai mai shagon haya da zai hana shi kaset. Yau fim ɗin da Faransa ta hana wa 'yan ƙasa da shekara 18 yana iya shiga wayar ɗan shekara 10 a Kano ko Damagaram ta hanyar turawa, ba tare da hukumar tace finafinai ta kowace ƙasa ta sani ba.

Tarihin shekara 60 ya nuna cewa haramci bai taɓa kashe waɗannan finafinai ba, sai ma ya yi musu talla kyauta. Babba mai hankali shi zai zaɓa wa kansa abin da zai kalla, ya kuma ɗauki nauyin zaɓinsa. Yaro kuwa ba shi da wannan ikon. Don haka nauyin ya dawo kan iyaye da yayye da masu shagunan tura finafinai: a duba shekarun da aka rubuta a kan fim kafin a tura, a kuma san abin da ke cikin wayar yaro kafin ya shiga ɗaki da ita.